Hasumiyar da Aka Jingina da Bango

A Kazaure, idan mutum zai aurar da 'ya kuma yana gudun jin kunya, Ikilima yake aika wa. Ta daɗe da barin girki. Hayaƙin suyar dubulan ya lalata mata idon hagu, likita ya ce ta zaɓa, ko kasko ko ɗayan idon. Abin da ya rage mata shi ne ƙiyasi. Takan zo ta zauna a tsakar gida ta miƙe ƙafa, a faɗa mata abin da uban amarya ya iya fitarwa, ita kuma ta yanka: ga na shinkafar wuni, ga na abin sha, ga na gara, ga wanda za a ɓoye a ɗaka saboda baƙin da ba a gayyata ba, don su ba sa fashi.

'Yar Roni ce. Ubanta Bafulatani ne mai 'yan shanu da gona a gindin dutse, ta taso tana tallan nono. Aure ya kawo ta Kazaure, gidan wani direba da bai yi tsawon rai ba. Ya rasu ya bar ta da yara da ɗakin haya. Wata maƙwabciya ta koya mata murza dubulan da ƙulla alkaki, da su ta ciyar da yaran har suka kama gabansu. Shekarun da ta yi a bakin murhu a gidajen bikin mutane su suka koya mata abin da take sayarwa yanzu. Ta ga inda abinci ya ƙare ana tsakar wuni, ta ga inda aka zubar da tukunya guda, ta kuma ga wanda aka zaga a kowanne.

Ba ta ƙirga kai, ƙofa take ƙirgawa. Ta ce mace a gidan biki taɓawa kawai take yi, sauran ta ƙulle a leda ta kai wa 'ya'ya da tsohuwar da ta bari a gida. Saboda haka ba ta damu da yawan katin da aka buga ba. Tambayoyinta su ne: angon gwaggonninsa nawa, wace ce mai baki a cikinsu, uwarsa ta saba kai gudummawa gidajen mutane ko mai zaman ɗaka ce. Ladanta turmin atamfa ne da sabulu da kwanon abinci. Ba ta da daɗin baki, mutane ma ba don daɗin baki suke kiranta ba. Ta taɓa gaya wa wani Alhaji a gaban matansa cewa abin da ya bayar ko taron sunan ɗan akuya ba zai yi ba. Ya yi fushi, ya ƙaro.

Bana aikin ya faɗo cikin gidansu. Ƙanenta Daudu, ma'aikaci a sakateriyar ƙaramar hukuma, zai aurar da Nafisat. 'Yar fari ce, uwarta ba ta ko kiran sunanta, balle ta sa baki a hidimarta, don haka komai ya dawo kan gwaggo. Angon, Muhsin, ɗan Babura ne, daga wani babban gida na masu fataucin hatsi da shanu, gidan da idan ka shiga sai ka tambayi hanyar fita. Daudu ya haɗa abin da ya haɗa ya danƙa wa yayarsa, ya ce iyakarsa ke nan. Ikilima ta yanka, ya isa daidai, ba ragowa.

Sai Nafisat ta zo mata da waya wata rana da hantsi.

"Gwaggo, kalli wannan."

Ikilima ta nisantar da wayar daga fuskarta ta kanne mataccen idon. Wani abu ne dogo mai tsini, faɗi a ƙasa, an lulluɓe shi da 'yan ƙananan abubuwa zagayayyu, wasu ruwan hoda, wasu kore-kore.

"Maɓallan riga ne?"

"Makaron ake ce masa. Ɗan biskit ne, biyu ake haɗawa da kirim a tsakani. A jera shi haka ya zama hasumiya, a ajiye kusa da kek ranar walima."

"Wa ya taɓa ci ya ƙoshi?"

"Gwaggo, ai ba tuwo ba ne."

"Na ga alama."

Nafisat ta zauna a gefen tabarma. Yarinya ce mai hankali, ta gama karatunta tana aiki a wani kantin magani, ba ta saba roƙo ba. Ta ce ta haƙura da dina, ta haƙura da ɗauko mai kwalliya daga Kano, ankon ma ta yarda da mai araha. Ƙawayenta na makaranta za su zo daga Kano da Dutse, ta je bikin kowace a cikinsu, ta ga abin da suka yi. Abu ɗaya take so a nata wanda za a kalla a ce kai.

Ikilima ba ta ce a'a ba. Ba ta cewa a'a sai ta ji farashi. Aka kira mai yin abin, wata yarinya a Kano mai suna Halima, aka sa wayar a amsa-kuwwa. Halima ta yi bayani da ladabi. Garin wata gyaɗar ƙasar waje ake yi da shi, ba gyaɗarmu ba. Farin ƙwai zalla. Gashin yana son wuta tsayayya, don haka sai da janareto. Kuma ba a ɗora shi a motar haya, sai mota mai sanyi tun daga Kano.

"Lissafin da muke yi, Hajiya, kowane baƙo guda biyu."

"Biyu," in ji Ikilima. "Na gidansa fa?"

"Na'am?"

"Ba komai. Faɗi kuɗin."

Halima ta faɗa. Ikilima ba ta jin kuɗi a matsayin kuɗi, kaya take gani. Nan take ta ga nakiyar gara duka ta tafi, rabin alkaki ya bi ta, man shanu ma ya ɗaga ƙafa. Ta ce da Halima za su sake kira.

Da yamma ta samu Daudu a ƙofar gida yana wanke babur.

"Adda, abin da na bayar shi ke nan. Ko wannan zan sayar in riƙa zuwa ofis a ƙafa?"

"Ban ce ka ƙaro ba. Gaya maka nake."

"To ki rage garar mana. Wa yake duba gara yanzu? Yarinya tana so, sau ɗaya ake yi."

"Babura za ta, Daudu, ba Abuja ba."

Ta san gidan. A can ana baje gara a tsakar gida, kayan da dangin amarya suka kawo bayan an kai ta, shinkafa da mai da dubulan da sauransu, a raba wa kowace ƙofa a dangin miji, har da na ƙauye. Ƙofar da rabo bai kai ba ba ta mantawa. Amaryar da gararta ta gaza za ta ji shi a kowane suna da kowace rasuwa, a cikin wasa da kuma ba cikin wasa ba, har 'ya'yanta su girma su ji. Hoto kuwa, in ji Ikilima, mako biyu ake kallonsa. Ba za ta aika 'yar ƙanenta cikin wannan taron matan da guntun kaya ba. Amma ta ga fuskar yarinyar da safe, kuma ita ma ba dutse ba ce, ko da yake mutane suna cewa haka.

Washegari ta sa aka sake kiran Halima.

"'Yar nan, cikin abin me ke ciki?"

"Farin soso ne mai tauri, Hajiya, irin wanda ke zuwa a kwalin sabon firji. A jikinsa ake soka su da tsinken sakace."

"To in an jingina shi da bango, wa ke ganin bayansa?"

Halima ta gane nufinta: a jera makaron a gaba kawai, a bar baya ba komai.

"Hajiya, sunana ne a kan aikin."

"Sunanki yana gaba. Bayan nawa ne."

Halima ta yi dariya ba ta so ba. Ta ce za ta yi, amma sai an sa teburin a kusurwa, an saki labule ta gefe da gefe. Kuɗin ya sauko. Ikilima ta soke lemon kwalba ta mayar da zoɓo da kunun aya, ta rage naman wuni yadda sai mai neman magana zai lura, ta cike gurbin. Gara ba a taɓa ko ƙwayar cincin ba. Nafisat ta ɗan yi hawaye da ta ji, daga baya ta tuna kyamara ma gaba take ɗauka, ta share.

Dabarar Ikilima tana da ƙafa ta biyu, wadda ba ta gaya wa kowa ba don a ganinta ba ta buƙatar faɗi. Ta san 'yan mata. Da zarar an yanka kek za su yi wa hasumiyar rubdugu, kowace ta zari nata ta zari na jaka, kafin la'asar ta yi sanyi gaba da baya sun zama ɗaya, farin soso tsirara, ba mai sanin da can yaya yake.

Ranar walima aka yi taron a wani ɗakin taro na haya bayan azahar. Hasumiyar ta iso lafiya tare da Halima, aka kafa ta a kusurwa. Gaskiya ta yi kyau. Ƙawaye suka yi layi suna hoto, Nafisat ta tsaya a gefenta tana murmushi har kumatunta suka gaji. Matan Babura suka iso mota biyu, suka zauna a jere a kujerun gaba. Jagorarsu Hajiya Inno ce, yayar uban ango, 'yar ƙaramar tsohuwa mai tabarau da farin mayafi, wadda ko uban angon ba ya tsallake maganarta.

Aka yi wa'azi, aka yanka kek. Sai mai gabatarwa, wata malama mai son tsari, ta ɗauki lasifika ta ce kada kowa ya taɓa hasumiyar amarya sai dangin ango sun buɗe ta, girmansu ne. Ƙawayen da suka riga suka miƙe suka koma suka zauna.

Dangin ango ba su motsa ba. Hannuwansu na kan cinya, shinkafar da aka ajiye musu tana rufe, zoɓon ma ba wadda ta ɓalle murfinsa. Ba za su ci ba. Ba sa cin abinci a gaban surukai, ko da yunwa za ta kayar da su. Ikilima ta san wannan fiye da kowa a ɗakin. Ita da kanta ta yi zaman aure har mijinta ya rasu ba ta taɓa kurɓar ruwa a gaban uwarsa ba, kuma tun da safe ta sa an ware wa 'yan Babura kulolinsu da za a sa musu a mota. Abin da ya faru shi ne tun ranar da ta ga makaron ɗin a waya ta ajiye shi a ranta tare da balan-balan da furen roba. Ba ta taɓa lissafa shi a cikin abinci ba.

Malamar ta sake roƙo. Inno ta ɗaga hannu kaɗan.

"Mun gode, Allah ya yi albarka. Namu a sa mana a mota. Shi ma dogon abin nan, yadda yake ɗin nan za a ɗauka, uwar ango ba ta zo ba, ita ma ta gani."

Ba abin da ya fi wannan zama daidai. Abin da suruki bai ci ba, binsa yake yi. Ikilima ta ga Nafisat ta daskare a kujerarta, ta ga Halima ta sulale ta bayan labule ta yi waje. Inno ta miƙe ta yafito mata biyu majiya ƙarfi, ta nufi kusurwar. Ikilima ta riga ta isa, duk da ciwon gwiwa.

"Hajiya, ba ya ɗaukuwa a tsaye. Sai an sauke."

"Gwaggon amarya, yaya aka kawo shi daga Kano?"

"A kwali. Nan aka jera."

"To bari in ga gindinsa."

Ba a riƙe tsohuwa irin wannan. Inno ta ɗage labulen da yatsa, ta cusa kanta tsakanin bango da hasumiya. Ta daɗe a haka. Da ta fito sai ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi ta mayar. Ta dubi Ikilima, Ikilima ta dube ta da idon da ya rage.

Sannan Inno ta juya ga matan nan biyu da ke tahowa.

"Ku koma ku zauna. A kawo kwano mai murfi. Hanyarmu ko ƙwai ba ta bari, balle wannan."

Aka kawo kwano. Tsofaffin biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, bayansu ga jama'a, mayafansu sun rufe teburin, suna zare makaron ɗaya bayan ɗaya daga tsinke suna jerawa. Daga nesa sai ka ce tsoffin ƙawaye ne. Wasu ma suka ɗauki hoto.

"Dabarar wa?" in ji Inno, ƙasa-ƙasa.

"Tawa. Yarinyar ba ruwanta."

"Uhm. Abin ma ba nauyi, kamar iska."

"Kuɗinsa ne mai nauyi."

Inno ta zare wani kore ta juya shi ta ajiye.

"Garar ma haka aka yi ta? Sama cike, ƙasa Allah ya kyauta?"

"Gara gara ce, Hajiya."

"Haka kowa ke cewa."

"In ta zo ki sa hannu har ƙasa."

"Ai kuwa zan sa."

Suka gama. Soson ya tsaya fari fat ta kowane gefe, aka ɗauke shi ba wanda ya kula. Ƙawayen amarya ba wadda ta ɗanɗana ko ɗaya, suka koma Kano da Dutse suna mita.

Bayan an kai amarya da 'yan kwanaki, Ikilima ta jagoranci matan da suka kai gara Babura. Aka sauke kaya a tsakar gida: buhunan shinkafa, katan-katan na taliya, jarkokin mai, man shanu a ƙwarya, daddawa da kuka da kuɓewa, sai manyan robobi na dubulan da alkaki da cincin da nakiya. Matan gidan suka fito daga kowane lungu suka kewaye. Yadda aka saba, a buɗe murfi, a kalli sama, a yi guɗa, a sa albarka, baƙi su tafi, sannan a yi rabo. Mai guɗar har ta kama hanci.

Inno ta ce a dakata. Ta sa aka kawo mata buta ta wanke hannu, ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Ta durƙusa gaban robar farko ta nutsa hannu cikin dubulan, a hankali don kada ya karye, har yatsunta suka taɓa ƙasa. Ta zaro ta matsa ta gaba.

Kowace mace a wurin ta san ma'anar wannan. Akwai masu shimfiɗa kwali ko tsumma a ƙasan roba su ɗora kaya a sama, amma ko ana zargi ba a dubawa a gaban waɗanda suka kawo. Ɗaya daga cikin matan Kazaure ta ja mayafi za ta yi magana, Ikilima ta taka mata ƙafa. An shimfiɗa musu tabarma, ita ba ta zauna ba. Tana tsaye, hannu a baya, tana kallon katanga. Labulen ɗakin amarya yana motsi.

Inno ba ta tsallake ko ɗaya ba. Alkaki ya manne mata a hannu, ta sake wankewa ta ci gaba. Nakiya ba ta nutsuwa da hannu, sai ta sa aka miƙo mata muciya ta soka har ta ji ta daki roba. Buhun shinkafa ma sai da ta sa aka kwance bakinsa. Da ta gama ta dafa gwiwa ta miƙe, ta goge hannu.

"A yi guɗa," in ji ta.

Aka yi, amma ba ta fita da ƙarfi ba.

Kafin su tafi Ikilima ta leƙa ɗakin amarya. Nafisat na zaune a bakin gado, idonta ja.

"Gwaggo, kin ga abin da aka yi mana? A gaban kowa."

"Na gani, ina wurin."

"Yanzu me za su ce?"

"Za su ce an duba. Za su kuma ce an samu."

"Da ban ce ina so ba..."

"Kin ce, na yi, ya wuce. Goge fuskarki, za su shigo ganin ɗaki."

Rabo ya kai kowace ƙofa, har ƙauyukan bakin iyaka, har aka samu ragowar da Inno ta aika wa maƙwabta. Ba a taɓa yi wa Nafisat gorin gara ba, ba kuwa za a yi ba. Sai dai a Babura an san ta da amaryar da aka lalube wa kaya, kuma da yake Inno ba ta taɓa faɗin dalili ba, kowace ƙofa ta ƙirƙiro nata. Wasu sun ce tsohuwar ce ta fara rikicewa, wasu sun ce tabbas akwai abin da ta sani game da mutanen Kazaure. Matan 'yan'uwan mijinta sukan tambayi Nafisat a wurin wanke-wanke, ita kuma takan ce ba ta sani ba. Hoton hasumiyar yana rataye a falonta, an sa masa gilashi. Idan Inno ta shigo gaisuwa takan tsaya a gabansa ta gyara tabarau ta ce kai, abin nan ya yi kyau, sannan ta zauna.